Ranar da Na Zama Talakan Ingila a Dogon Dutsi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama baƙo a ƙasar ubana. Lokacin yaƙin Turawa ne, Faransa ta rufe iyakarta da ƙasar Ingilishi, kowa na zargin kowa. Ni kuwa na dawo daga Kumasi bayan shekaru, da Turancina na kasuwa, da gemun da na tara, da rawani har bisa hanci. Dumega na nufa, garinmu. A kasuwar Dogon Dutsi wani gardi, ɗan sandan Faransa, ya ƙura wa takalmana ido (na Kumasi ne, masu ƙara), ya ce in wuce gaba, bariki.

A hanya na yi tunani. Ɗan ƙasa ba shi da shari'a: kumandan, Baturen mulki, ya buɗe baki kawai, ka tsinci kanka kana fasa dutse a aikin hanya. A Kumasi kuwa na ga an kama wani Bafaranshe, aka ba shi kujera, aka aika wa wakilin ƙasarsu, kafin la'asar yana gida. (Ban tsaya na tuna cewa shi fari ne ba.) Na ƙudura a raina, yau ni baƙo ne.

A gaban kumandan na ƙi jin Hausa. Da Turanci na ce ni talakan Sarkin Ingila ne, a sanar da wakilin ƙasata. Tafinta, wani dogon Bazabarme da ya taɓa zama Kumasi, ya fassara, amma idonsa na kan rawanina.

Kumandan ya yi murmushin da bai kwanta mini ba. Ya ce lallai zan sami haƙƙina. Baƙo ba a hukunta shi a nan, balle wanda ya shigo daga wajen abokan gaba da fuska a rufe. Za a kai ni Yamai a ɗaure, gaban soja, a matsayin ɗan leƙen asiri. Wakilin ƙasata kuwa, in jira shi bayan yaƙi.

Nan take fasa dutse ya ba ni sha'awa. Amma in na canza magana yanzu, wa zai yarda?

Sai wata murya daga cikin 'yan kallo a bakin ƙofa: "Ku ba ni hanya! Wagga tahiya ta ɗan ƙanena ce, tun kasuwa nike bin ta."

Gwaggo Dije ce, yayar babana, mai daddawa. Ta fizge rawanin, ta buɗe gemun da yatsunta. Ga tsagenmu na Arawa, daga baki har kunne.

"Ingila? Ni na riƙe ƙahwahunshi ranar da wanzami ya yi mai wanga. Ya jiƙa min zane sharkaf da tsoro!"

"Haba Gwaggo, gaban mutane!" Da Hausar Dumega tsantsa ta fito mini.

Tafinta bai rage ko kalma ba, har zancen zanen. Kumandan ya yi dariya har da tari, ya ba ni 'yan kwanaki a aikin hanya. Ina fasa dutse, masu wucewa na cewa, "Sannu, talakan Ingila! Wakili bai iso ba?"

Na shiga ƙasashe da yawa bayan wannan, kuma ko'ina nakan tambayi haƙƙin baƙo tun kafin in ƙetare. Amma kafin in nema, sai na duba ko gwaggona na kusa.