Ranar da Ƙadangaren Alhaji Ya Kama Mini Leɓe

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da wata ranar kasuwa a Aliero ba, a farkon shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi. Lokacin an turo ni Jega a matsayin malamin dabbobi, sabon fitowa daga makaranta, ga farar riga ga baƙar jaka. Abin da babu kawai shi ne mai kawo mini dabba. Fulani su leƙo ofis, su dube ni tun daga takalmi har gashi, su tambaya ko babban likitan yana nan. Ni kuwa ni ne babban, ni ne ƙaramin. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ana nan sai wani Alhaji dillalin albasa ya aiko a zo da ni Aliero. Kowa ya san yana da garken shanu, na kuma san in na samu shiga wurinsa na yi suna. Har turare na shafa.

Na same shi a rumfar ƙofar gidansa, ga buhunan albasa jibge, ga 'yan dako da masu jakuna. Ban ga saniya ba. Wani akwatin gilashi aka ɗauko, a ciki wani jibgegen ƙadangare mai faɗin kai, da ƙayoyi a maƙogwaro kamar gemu. Wai a wurin wani Bature ya saye shi a Kwatano sa'ad da ya kai albasa.

"Likita, wanga shi na abokin hirata," in ji Alhaji, yana shafa nasa gemun. "Ya bar cin abinci. Duba man bakinai."

(Gaskiyar magana, ko ƙadangaren bango ne ya faɗo kusa da ni sai na yi salati.) Amma jama'a sun kewaye ni, sai na gyara murya na ce ai irin wannan mun sha yanka su a makaranta. Ƙarya ce tsagwaronta.

Na ɗan janye leɓensa da tsinke. Dasashin ya kumbura ya yi ja, haƙoran duk sun yi dauɗa. Na tambayi abin da yake ci, aka ce ayaba da gwanda, wani lokaci har da zuma, don Alhaji ba ya son ya ga amininsa yana cin fara kamar talaka. Nan dai na gane matsalar: kayan zaƙi da laushi ne suka manne masa a haƙora. Na ce a wanke bakin da ruwan ɗumi mai gishiri. Da a nan na tsaya, da na fita da mutuncina.

Sai na tuna yadda kakana yake yi wa dokinsa magani: ya kurɓa a baki, ya fesa inda ciwon yake. Na ce bari in nuna wa mutanen nan cewa na iya na boko na iya na gida. Na cika kumatuna da ruwan gishiri, na ɗaga ƙadangaren daidai fuskata, na jira ya buɗe baki. Ya kumbura gemun nan ya yi baƙi ƙirin (daga baya na ji cewa haka suke gargaɗi), ya wage baki, ni kuwa na turo nawa.

Caraf! Ya kama leɓena na ƙasa.

Ruwan gishirin na haɗiye shi gaba ɗaya. Na miƙe tsaye da ƙadangare yana reto a haɓata, ina wani kuka da ni ma ban san ina da shi ba. Na kai hannu zan fizge, Alhaji ya daka tsawa.

"Kak ka ja! Bature yac ce haƙoranai in sun karye ba su sake hitowa. Leɓe ko ai shina warkewa!"

Sai wani tsoho ya ce irin wannan cizo ba a saki sai jaki ya yi kuka. Jama'a, a garin da jakuna suke hana mutane barcin rana, ranar nan duk suka zama bebaye. Aka jawo ɗaya gabana, aka ja masa kunne, aka roƙe shi, ya yi shiru yana kallona. Ƙarshe sai da aka nemo masa jaka mace. Ya wage baki ya rera har sau ba adadi, kasuwa ta tashi ta taho kallo, ƙadangaren ko gezau. Ina tallabe da shi da hannu biyu kamar jariri, hawaye na zuba, mata suna leƙe ta saman katanga.

Sai da ya ga dama don kansa ya saki. Aka mayar da shi akwati, wani ya jefa masa fara da wasa, ya cafke ya tauna. Alhaji ya yi kabbara. "Ya ci! Wallahi likitan ga na da sa'a!"

Da kumburarren leɓe na yi bayanin sauran: a riƙa goge masa baki da auduga a kan tsinke, a daina zuma, a ba shi fara da ganye. Ya kuwa warke sarai.

Suna dai na yi shi. Bayan 'yan makonni aka kira ni wata ruga a bayan Maiyama, karo na farko da Bafillace ya neme ni da kansa. Na isa ina ta ƙasaita. Dattijon ya nuna mini wani bijimi mai ciwon baki, sa'an nan ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Likita, mun ji yadda kaka aiki. Amma wanga don Allah kak ka sumbace shi, hwaɗa garai."

Tun daga ranar, duk bakin da zan duba, nawa nake fara rufewa.