Gambo Uku a Na'urar Ban-Ruwa

A wani kamfani a Bukuru, inda ake haɗa na'urar kunna famfon ban-ruwa, akwai wani tsohon injiniya, Malam Gambo Istifanus, saura kwana huɗu ya yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya yana rubuta wa na'urori umarni, ko a jikin kwali ba a taɓa buga sunansa ba. Sai ya ƙudura zai bar sunan a inda ba mai gogewa.

A aikinsa na ƙarshe akwai layi shida da ya rubuta kai tsaye da yaren na'ura, ya cusa a cikin babban shirin umarnin da ke sarrafa famfon. Irin wannan rubutu yana bukatar lakabi a wurin da na'ura za ta riƙa komowa tana maimaita aiki. Masu wannan sana'a lamba suke sawa a matsayin lakabin. A rubuta 1, na'ura ta koma kan 1 mafi kusa, ko sau ɗari lambar ta fito ba rigima. Shi kuwa ya rubuta GAMBO, da manyan baƙaƙe.

Ya manta cewa kompaila, wato manhajar da ke harhaɗa shirin, ba ta san girman kowa ba. Ta ga ana kiran layukan nan a wuri uku, don sauri sai ta kwafe su sau uku, har da lakabin. Aiki ya tsaya cak. Allon kwamfuta ya nuna an riga an sa wannan suna, ba a sa shi sau biyu.

Tun safe yake fama har azahar. Ya goge tabarau ya sake gwadawa, amsa ɗaya. Daga ƙarshe ya juya ga Rifkatu, wadda teburinta ke manne da nasa shekara goma sha tara. Ta leƙa allon, ta ce ya cire sunan ya sa 1 a wuce wurin, manoma na jiran famfo. Ya ce bai yi wannan doguwar wahala don ya ƙare a lamba ba.

"Ki duba fa, Rifkatu," ya ce a hankali. "Na'urar da na koya wa aiki, yau ita ke ƙin sunana."

"Ba ta ƙi ba, Malam, na farkon ai ta karɓa," in ji ta. "Cewa ta yi Gambo ɗaya ya ishe ta. Mu da muka zauna da ɗayan, ba mu ga laifinta ba."