Mani Yamina Ta Zaɓi Mai Magani

Matso ka zauna, ga kofi, in ba ka labarin maƙwabciyata Mani Yamina da jikanta Lutfi. Mani a bakin mutanen nan shi ne kaka. A unguwarmu, a nan birnin Annaba na bakin teku, kowa ya san yaron zai hau kwalekwale ya tsallaka Italiya a ɓoye, kamar yadda wansa Sufyan ya hau bara, wanda har yau ba gawa ba labari. Ita ma ta sani, ba su dai taɓa furta maganar a tsakaninsu ba. Rannan da la'asar ina taya ta murza kuskus, sai ga shi da na'urar wasansa, ya jona ta da talabijin.

"...lafiya lau, angon banza," in ji ta. "Yau ma hannu rabbana ka zo mini?"

"Duniya guda na kawo miki, tsohuwa. Wasa ne. Za ki zaɓi mutum ki zama shi, ni ma in zaɓa, mu tafi kashe dodo. Ko ina nake, in kin kunna za ki gan ni."

Hannunta ya tsaya a cikin garin kuskus ɗin. "Ko ina kake. To. Kai da ɓera ya hana ka shiga banɗaki?"

"Ɓeran nan ya kai tunkiya, Mani!"

Mutane suka jeru a talabijin. Lutfi ya shiga nunawa: "Ga jarumi mai sulke, ga maharbi, ga matsafiya, ga ɓarawo, ga mai magani. Matsafiyar ce taki, har haƙoran iri ɗaya, guda biyu."

"Ɓarawon fa? Ai ba sai an zaɓa maka ba. Wa ya cinye dabinon azumi?"

"Ni jarumi zan ɗauka."

Ta kanne ido. "Wancan da ya sa tukwane a jiki? Wannan kuma wane ne a gefe, ya yi toka-toka, ba ya motsi?"

Jarumi ne shi ma, mai sulke, da suna a ƙasansa.

"Na Sufyan ne," ya ce a hankali. "Haka suke zama in mai su bai shigo ba."

Ni dai na sunkuyar da kai ga kuskus ɗina. Mani ta goge hannu da zane, ta karɓi abin latsawa a juye.

"Kin riƙe shi kai ƙasa, amaryata."

"Haka na riƙe ka ranar da aka haife ka, ka ga kuwa ka rayu. Me mai maganin ke yi?"

"Tana bin jarumi a baya. In aka sare shi, ta warkar da shi."

"In ya yi mata nisa fa?"

"Sai ya mutu."

"In ya mutu?"

"Sai ya farka a gida, inda aka fara."

"A gida," in ji ta. "Wanda ya ƙera wasan nan bai taɓa ganin teku ba. Ba ni mai maganin. Ka yi mata fuska irin tawa."

"Tamojinki ya fi ƙarfin na'urar, za ta ƙone."

"Kakanka ya mari mutum uku a kan fuskar nan. Ƙara mata hanci, marowaci! Yanzu gaya mini, mai tukwanen naka ya iya iyo?"

"Ba ya iyo. Ƙarfe ne, nutsewa yake."

"To na sake ka. Ba na auren mai nutsewa, an yi mini sau ɗaya ya isa. Wa ya iya?"

"Ɓarawo."

"Ka ji! Tun farko me na ce?"

"Mani, ɓarawo ba shi da ƙarfi. Gudu kawai ya iya da ɓuya."

"Su nake so. Jarumai na gan su, ga ɗaya can ya yi toka-toka."

Lutfi ya dubi talabijin. Sai ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya latsa ɓarawo. "Kin ci, mayya. Ga ɓarawonki."

Mani ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaka. Ta fito da tsohuwar rigar marigayi mijinta, masunci, irin mai ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa. Ashe ta riga ta sake mata igiyoyi sababbi, ɗinkin hannu. Ta jefa masa a cinya.

"Ga sulkenka. Sufyan bai gaya mini ba, da shi na ba. Kai ma ba ka gaya mini ba, amma kai ba ka iya ƙarya ba, ɓarawon banza."

"Mani..."

"Rufe mini baki. Nuna mini inda ake latsawa ta yi tafiya."

Lutfi dai ya hau kwalekwalen ya tafi. Yanzu kullum bayan la'asar ni nake kunna mata wasan. Mai maganin tana nan tsaye a ƙofar garin farko, da dogon hancinta. Na ce mata mu ɗan zaga mu ga dodon, ta ce a'a, nan ne gida, nan ake farkawa. Ɓarawon bai shigo ba tukuna, amma an ce waya tana wuyar samu a sansanonin da ake tsare baƙin haure a can.

To kai da ka ji, a wannan zolaya wa ya ci wani?