Yadda Harajin Gida Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da abin da harajin gida ya jawo mini ba, ko da na so in manta, domin waɗanda suka shaida abin har yau ba su da niyyar ƙyale ni.

Muna zaune ne a wani ƙaramin gari kusa da Largo, a jihar Maryland, cikin irin gidajen nan da ake ginawa a jere suna jingine da juna. Ni aikin kwamfuta nake yi a wani asibiti. Abokina Ɗanjuma, mutumin Gusau, yana tsallaken babban titi, kuma kamfani ɗaya ne ya gina gidajenmu, hatta ƙofar banɗaki iri ɗaya ce. A nan duk mai gida yana biyan haraji kowace shekara gwargwadon darajar da hukuma ta yi wa gidan, kuma yawanci ana haɗa shi da kuɗin bashin gida da ake cira duk wata. To, a wannan shekarar sai na ga abin da ake cira mini ya yi tsalle, daidai lokacin da matata Bilkisu ta haihu, ga kuɗin renon jaririya yana jiranmu.

Na kai wa Ɗanjuma kuka, sai ya faɗa mini nasa harajin. Na ce ya sake faɗa. Nasa bai kai nawa ba, nesa ba kusa ba.

"Zaluntarka ake yi," in ji shi. "Ka ɗaukaka ƙara. Ta waya ma ake yi. Ka nuna musu gidan bai kai kuɗin da suka ɗora masa ba. Kada ka ji kunya, ka kushe shi sosai."

(Ɗanjuma bai taɓa ɗaukaka ƙarar komai ba a rayuwarsa. Wannan daga baya na sani.)

Na nema, aka ba ni ranar da za a kira ni. Kafin ranar ta zo, sai ga surukina, mahaifin Bilkisu, ya iso daga Zariya don ganin likitan ido da kuma ganin jikarsa Hanifa. Baba tsohon shugaban makarantar sakandare ne, Turancinsa ya fi nawa tsabta, kuma mutum ne da ba ya yawan magana, sai kallo. Tun da na auri 'yarsa nake ƙoƙarin in burge shi. Saboda haka daga filin jirgi har gida ban rufe baki ba. Na zagaya da shi ɗaki ɗaki, na nuna masa ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, na buɗe masa injin ɗumama gida kamar ni na ƙera shi. Da ya tambayi ko ana biyan wani abu ga hukuma, sai na gyara tsayuwa na ce, "Ai Baba, harajinmu ya fi na duk unguwannin nan. Alamar unguwar manya ke nan. A ƙasar nan talaka ba ya iya zama inda muke."

Baba ya ce, "Madalla. Allah ya sa albarka."

Kiran ya faɗo da rana tsaka, kuma ranar ce Ɗanjuma ya kawo wani dattijo, Alhaji Mamane, mutumin Maraɗi da ke da shago a Wheaton, don su gaida Baba. Bilkisu ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, falo ya cika da hira. Da wayata ta yi ƙara, na ce musu daga wurin aiki ne, na hau sama. Ɗakinmu ana gyaran shimfiɗa, ɗakin Baba ba na shiga, saura ɗakin Hanifa. Tana barci, na lallaɓa na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa kusa da gadonta, na sa wayar a sifika don hannuna ya samu damar buɗe hotunan da na tanada.

Wata mata ce ta kira, mai ladabi, muryarta a sanyaye. Ta ce in faɗi dalilin da ya sa nake ganin an yi wa gidan daraja fiye da kima.

Jama'a, ban san ina da baiwar wasan kwaikwayo ba sai ranar. Na ce mata bangon ɗakin ƙasa ya tsage, ruwa na shigowa. (Akwai tsaga, amma sai ka durƙusa da tocila kafin ka gan ta.) Na ce ɓeraye sun mayar da kicin ɗinmu kasuwa. (Ɓera ɗaya ne, tun shekarar da muka tare, kuma ya daɗe da riga mu gidan gaskiya.) Na ce ƙarar motoci ba ta barin mu barci, rufi ya tsufa, injin ɗumama gida yana tari kamar mai asma. Da na ji ta yi shiru tana rubutu, sai na ƙara wuta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kunya nake ji in kawo baƙo gidan nan. Yanzu haka surukina yana nan, dattijo, ya zo daga Najeriya. Ɗakin da na sauke shi akwai tabon yoyo a bango, sai da na rataya kalanda a kai don kada ya gani. Da zan sami mai saye gobe, ko takalmi ba zan tsaya ɗauka ba."

Matar ta ce ta tausaya mini, kuma in turo hotuna za a duba. Sannan ta tambaya me ya sa tun farko na yi zargin an yi kuskure. Na ce maƙwabcina na tsallaken titi, gidansa irin nawa sak, amma harajinsa bai kai nawa ba. Ta nemi adireshinsa, ta duba, sai ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro alwala.

Ta ce darajar gidajen biyu kusan ɗaya ce. Ofishinsu daraja kawai yake ƙiyastawa, ba shi ke yanka yawan harajin ba. Kowace gunduma ita ke yanka nata, gwargwadon abin da take kashewa a makarantu da 'yan sanda da hanyoyi, shi ya sa ko Wheaton da Largo lissafinsu ba ɗaya ba ne. Sannan gidana yana cikin iyakar gari mai hukumarsa, wanda ke karɓar nasa kason a kan na gunduma, yana kwashe shara, yana share ƙanƙara, yana da 'yan sandansa. Iyakar garin kuwa a tsakiyar titin nan ta bi, Ɗanjuma yana waje. Bayan haka ya riga ni tarewa da shekaru, kuma akwai dokar da ke taƙaita yadda haraji ke hauhawa ga wanda ya daɗe zaune a gidansa.

Wato dai duk zagin da na yi wa gidana, ba shi ne mai laifin ba.

Na yi godiya, na kashe waya, na gyara hula, na sauko ina murmushin wanda ya gama muhimmin aiki. Tun daga matakala na ji falon ya yi tsit. Ɗanjuma ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Alhaji Mamane ya ƙura wa silin ido kamar yana neman inda ruwan zai ɗigo. Bilkisu na tsaye a ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen mayafi. A kan teburin tsakiya, kusa da kwanon miya, ga wata 'yar farar na'ura tana ƙyafta koriyar fitila. Na'urar sauraren jariri ce, wadda Bilkisu ke ajiyewa don ta ji in Hanifa ta farka. Ɗaya ɓarin nata yana manne a jikin gadon da na jingina da shi.

A daidai lokacin Hanifa ta yi ɗan tari a sama, muka ji shi a falo rangaɗaɗau, kamar tana kan cinyata.

(Daga baya na tambayi Bilkisu me ya hana ta kashewa. Ta ce ta miƙa hannu, Baba ya ce, "Bar shi, 'yar nan, ai ilimi ne.")

Na rasa inda zan sa fuskata. Na durƙusa a gefen kujerar Baba kamar ranar da na je neman aure. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce, "Baban Hanifa, gida biyu gare ka ne?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To wanne 'yata take ciki? Na manyan, ko na ɓerayen?"

Nan Ɗanjuma ya kasa riƙewa, ya fashe har da buga ƙafa. Alhaji Mamane ya ce, "Wallahi lanho, wato haraji, bai yi ba! Mu can ma haka yake sa mutum ya rantse akuyarsa ta mutu, alhali tana bayan ɗaki tana kuka." Na fara kame-kame, wai ai dabara ce, wai haka ake yi a nan. Baba ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya ce in zo in ɗage masa kalandar.

Muka hau sama a jere, ni a gaba kamar wanda za a kai kotu. Na ɗage kalanda. Tabon da ke wurin bai fi tafin hannu ba, kuma ba yoyo ba ne, shayi ne ya fallatsa tun lokacin da ɗakin yake ofishina. Baba ya shafa bangon, ya ƙwanƙwasa, ya sa aka kai shi ɗakin ƙasa ya nemi tsagar har ya gaji. Sai a lokacin na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi: Baba yana dariya har da share hawaye.

Ya ce, "Na ga masu kushe kayan wani a kasuwa don su saya da araha. Mai kushe nasa, yana kuma ci gaba da biya, yau na fara gani. Gidanka lafiya lau yake. Ka kira baiwar Allah nan ka gaya mata gaskiya, kada ta kwana da tausayinka a banza."

Washegari na janye ƙarar. Harajin kuwa ko kwabo bai ragu ba. Labarin ya riga ni isa masallacin Juma'a, kuma har yau in na haɗu da mutanenmu a wurin suna ko a filin idi, bayan an tambayi iyali sai wani ya rage murya ya ce, "Yaya su ɓera, suna lafiya?" Baba ma in mun yi waya, sai ya gama gaisuwa tsaf sannan ya tambaya ko damina ta yi mana ɓarna a ɗakin baƙi.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Kafin ka yi fushi da haraji, ka fara tambayar inda iyakar garinku ta bi. Kuma idan Allah ya ba ka gida ɗaya, ka riƙe masa labari ɗaya, domin mai labari biyu wata rana masu sauraronsa za su haɗu a falo ɗaya, suna cin tuwonsa.