Yadda Ake Rina Furfura a Tafi Neman Bazawara

Kai mai furfura, matso kusa. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka shiga gidan surukai da kai baƙi wuluk kamar gindin tukunya, kuma babu wanda zai manta da zuwanka. An gwada hanyar a kan aminina Bakoji, mai gadin gandun daji a Kamuku, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Yana nan da ransa, je ka tambaye shi.

1. Ka raina duk abin da ke cikin kwalba

Bakoji a daji ya tsufa. Karara ta shafe shi bai sosa ba. Zuma ta harbe shi, ya ci gaba da tsotsar saƙarta. Don haka ya sakankance babu abin da zai iya da fatarsa. Kai ma ka sakankance. Dafi ai a bakin kububuwa yake. Me zai kai shi cikin 'yar kwalba mai hoton Bature yana murmushi?

2. Ka samo dalili

Matar Bakoji ta daɗe da rasuwa. Sai ya ƙyalla ido ya ga Safiyatu, wata bazawara daga Kazage mai kawo daddawa kasuwar Birnin Gwari. Mutumin da ba ya girki ya riƙa sayen daddawa har ɗakinsa ya ɗauki wari. Magana ta fara nisa ke nan, sai ran nan wata mai sayar da kuka da ke zaune kusa da ita ta ce masa, "Baba, gyara, ka tare mini masu saye."

Baba! A gaban Safiyatu! In an yi maka haka, kada ka tsaya shawara da kowa.

3. Ka saya a hannun mai lasifika

A bakin tasha akwai mai tallan magani da ke warkar da basir da ciwon baya da kwalba guda. Wurinsa za ka. Zai ba ka rini da wata 'yar takarda a naɗe. An ce takardar na cewa a fara ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira a gani. Aikin matsorata ke nan. Bakoji goro ya ƙunshe da tasa.

4. In ya yi ƙaiƙayi, ka ƙara

Shafin farko lafiya lau, sai ɗan tsikari a ƙeya. Na ce masa, "Anya?" Ya ce, "Aiki yake yi." Da farin gashin ya sake leƙowa, aka yi dace an sa masa ranar zuwa gaida kawun Safiyatu, Malam Nababa. Ana gobe tafiya ya juye sauran kwalbar: kai, gemu, gashin baki, har gira, wai don kada wani sashe ya tona asirin wani.

Masu hikima sun ce abin da bai kashe ka jiya ba, ba zai taɓa ka yau ba. Ban san ko su waye ba, amma ina jin ba su taɓa rini ba.

5. Ka tafi ko ta halin ƙaƙa

Da safe hularsa ta ƙi shiga. Ya ce wanki ne ya tsuke ta. Muka hau kekuna cikin rana, gumi na gangaro masa baƙi yana zane farar rigarsa. Kafin mu kai Kazage kunnuwansa sun yi kauri kamar masa.

Malam Nababa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Aka kawo kunun tsamiya, aka ce Safiyatu ce ta dama da hannunta. Bakoji ya kurɓa. Yana ajiye ludayi idonsa na hagu ya rufe, na daman ya bi sahu.

Malam Nababa ya ce, "Malam Bakoji, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Haka nake in na ji daɗi."

Leɓensa na ƙasa ya riga ya yi nauyi, da ƙyar maganar ta fita.

6. Ka bari laifin ya faɗa kan wani

Nan ne gwaninta take. Ka yi shiru, mutane za su nemo maka dalili da kansu. Ta bayan zana muka ji wata tsohuwa na cewa, "Daga shan kunu? To, Allah dai ya jiƙan mijinta na fari." Kafin a ɗaura wa shanu amalanken kai shi asibiti, maganar ta kai bakin rijiya ta dawo da ƙari: Safiyatu ta yi wa baƙo barbaɗe. Na hango ta tsaye a ƙofar gida riƙe da ƙwaryar kunun. Ta ɗaga ta shanye sauran a gaban jama'a.

Bakoji bai gani ba, don ba shi da idon gani. A hanya na gaya masa.

7. Ka musanta a gaban malamin asibiti

A ɗakin shan magani malamin asibiti, Malam Andrawus, ya duba shi, ya goga masa auduga a goshi, audugar ta fito baƙa.

"Me ka shafa?"

A nan Bakoji ya saki layi, kuma ba na so ka yi koyi da shi. Ya lalubo hannun Malam Nababa da ya rako mu, ya ce, "Baba, ba kunu ba ne. Rini na shafa. Furfura gare ni, kai duka. Ku koma ku faɗa a bakin rijiyar nan, don Allah, kafin la'asar."

Malam Nababa ya ce, "Malam Bakoji, ai mun san ka tun kana da ita."

Andrawus ya ce borin jini ne: jikinsa ya haddace rinin tun shafin farko, ya yi kwanto yana jiran na biyu, kuma ba zai manta ba har abada. Ya yi masa allura, ya sa aka kira wanzami. Kai, gemu, gira, duk suka tafi. Abin da ya rage kamar dafaffen ƙwai.

8. Ka zauna a ɗaki ka jira hukunci

Ya kwanta yana saɓa kamar ƙadangare, ya haƙura da aure. Ran kasuwa Safiyatu ta tsayar da ni. Ta miƙo ƙunshin daddawa ta ce in kai masa.

"Sai me zan ce?"

Ta gyara ɗankwali, ta kalli gefe. "Ka ce masa ni ma ina da tawa a ƙarƙashin nan. Da ya tambaya."

Bayan kaka aka ɗaura aure, ango fari fat.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba malamin asibiti ba ne, ba kuma wanzami ba. Duk wanda ya bi matakan nan idonsa ya rufe, ko hula ta ƙi shi, kada ya aiko a kira ni, ba na gari. Kuma ban ce kowace bazawara Safiyatu ce ba. Wata in ta gan ka ba gira, da mai lasifikar za ta tafi.