Rigar Malam Ashafa Ta Zaga Duniya

"Ina kwana, Ango? Ya ƙafa, ya ido, ya sauran haƙoran da suka rage?"

"Lafiya lau suke, mummuna," in ji Malam Ashafa, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "Matar kirki da koko take zuwa gaida miji. Ke kuwa kullum sai wannan madubin a hannu."

Luba ta gyara mayafi, wayarta a hannu, ta zauna a gefen tabarmar kakan nata. A zauren nan na Soron Ɗinki kakan Malam ya yi ɗinkin hannu, a nan ubansa ya yi, kuma duk gidan ita kaɗai ce take iya jero sunayensu ba ta yi tuntuɓe ba. Ga babbar riga aska takwas can rataye a bango, aikin zaren tsamiya da ya cinye wa tsohon sauran ƙarfin idonsa, amma tun bara ko tayi ba a yi mata ba. Tun da aka koma mulkin siyasa kowa babbar riga yake sawa, sai dai ta aikin kwamfuta, wadda ake gamawa kafin shayi ya huce. Shi ya sa Baffa Salihu ya nemi a ba shi zauren ya buɗe shagon POS. Malam kuwa zuciya ta ɗebe shi, ya ce in Sallah ta zo rigar tana rataye, Baffa ya ɗauki zauren. Ga Sallar kuma ta ƙarato.

"Albishirinka," in ji Luba.

"Goro. In wani mijin kika samu, na bar masa ke, har da tukuici."

"Wa zai bar tsoho mai zaure? Rigarka ce ta samu mai so."

Allurar ta tsaya cak a hannunsa.

"Wa ya shigo ban gan shi ba?"

"Ba shigowa ya yi ba. Hotonta na ɗauka na ɗora a shafina."

"Kika kai rigata inda 'yan mata suke rawa?"

"Inda ake ciniki dai. Yanzu ko mai ƙosai a nan take talla. 'Yan Legas sun gani, 'yan Kaduna sun gani, har wata daga Makka ta turo alamar zuciya."

"Zuciya ake sawa a tafi Idi?"

"Wata yarinya daga Zariya ma cewa ta yi in ɗauki hannunka kana aiki, za ta koya."

"Ni da na yi shekaru ina sa wa babana zare a allura kafin ya bar ni in taɓa shadda, ita za ta koya a kwance tana cin gyaɗa? Ki ce ina gaishe ta."

"Za ta ji. Mai son rigar dai ya ce ya saya. Farashin da na rubuta ko musu bai yi ba."

Malam ya ajiye ɗinkin, ya dube ta ta saman tabarau.

"Kika rubuta farashi? A fili, kamar kuɗin mota? Bai taya ba, ban ce albarka ba, bai tashi cikin fushi na kira shi ya dawo ba? Wannan ba ciniki ba ne, fashi ne. Ban dai san wa aka yi wa ba. Meye sunansa?"

Luba ta duba wayar.

"Ɗan Gayu Na Ɗaya."

"Da wannan sunan aka yanka masa rago? Nuna min fuskarsa."

Ta miƙa masa wayar. Ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa da hanci.

"Wannan ai mota ce. Motar ce za ta sa rigar?"

Luba ta san abin da zai biyo baya. Tun tana ƙarama take ji a bakin tsofaffin gidan cewa a zauren nan ba a sayar da aska takwas ga wanda ba a san gidansu ba. Sai an ga kafaɗar mutum, an san ɗan waye, kamar mai neman aure. Ta yi zaton Sallah da Baffa za su sa tsohon ya manta. Ina!

"Ba na sayarwa," in ji shi.

"Haba Tsoho! Baffa fa har ya auna bangon da zai kafa kanta."

"Ya auna. Rigata ba ta zuwa gidan da ban sani ba. In ɗan daba ne fa? In gajere ne irinki, ya riƙa share titi da aikin idona?"

"Ni ce gajera? Kai da in ka miƙe ba a sanin ka miƙe?"

"Ni tsufa ne ya lanƙwasa ni. Ke meye hujjarki?"

Ta yi dariya, amma idonta yana kan bangon da Baffa ya ja wa layi da alli, daidai inda buzun kakan Malam yake rataye.

"To tambaye shi da bakinka. Danna nan ka riƙe, ka yi magana."

Ya karɓi wayar da yatsa biyu kamar an miƙa masa garwashi, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Ina kwana? Ya iyali? Ya kasuwa? Ya zafin nan? Ya mutanen gida, manya da yara?"

"Ango, data kake ƙona min."

"Rufe min baki, ina magana da baƙo. To bawan Allah, ɗan gidan waye kai, kuma a wane gari kake?"

Ta karɓe ta tura. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara, ta kunna, muryar wani saurayi ta cika zauren.

"Wa alaikumus salam, Baba. Sunana Ɗanladi, ɗan gidan marigayi Alhaji Ado mai tabarma. A Kano nake, Soron Ɗinki, lungun masallaci. Don Allah a sa min ita a motar yau, ni zan biya kuɗin kawowa."

Gidan Alhaji Ado mai tabarma katanga ɗaya ce ta raba shi da na Malam. Ɗanladin nan kullum ta ƙofar zauren yake wucewa, ya jefo "ina kwana Baba" kansa a sunkuye a kan waya, rigar tana kallonsa daga bango.

"Sake kunnawa," in ji Malam.

Ta sake. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai ya karkata wajen ƙofa ya ɗaga murya.

"Kai, Ɗanladi!"

Daga kan dakalin waje aka amsa. "Na'am, Baba! Ina zuwa, wani ciniki nake da mutanen Abuja!"

Dariya ta ƙwace wa tsohon har da tari, sai da Luba ta miƙa masa ruwa.

"Kin ji ko, Hajiyar Abuja? Rigar ta je Legas, ta je Makka, ta dawo bayan katanga. A sa ta a mota! Wannan ne ci gaban da kike ta yi min wa'azi?"

"Da ba ta je Makkan ba da har yanzu ba ta ga miji ba. Tun bara yake wuce ta."

"Makanta ce wayar nan ta sa masa."

"Ita kuma ta buɗe masa ido. Kai me ka yi masa ban da amsa gaisuwa?"

"Ni na yi masa huɗuba, mara kunya." Ya ɗaga kai ya dubi rigar, ya daɗe yana dubanta. "Kafaɗar ubansa gare shi. Za ta zauna masa."

"Ka sallama ke nan?"

"Sai ya shigo, ya cire takalmi, ya zauna, ya taya."

"Ya fa riga ya yarda da farashi!"

"To ya taya ƙasa, mu hau tare. A yi abu bisa ƙa'ida."

Ya laluba aljihu ya ciro goro fari, ya jefa mata a cinya.

"Ungo na albishir."

"Wanda ya gagari haƙoranka ko?"

"Karɓi ko in fasa auren. Yarinyar nan ta Zariya kuma, in an jima ki ɗauki hannun ki tura mata. Hannun kawai, ban da bakin."

Luba ta ɗaure goron a bakin mayafi, ta miƙe za ta shiga gida ta nemo Baffa.

"Ina za ki? Zauna," in ji Malam, yana share hawayen dariya. "Tura wa Baffan naki a wayar, ki ce zaure yana da masu shi. In kin faɗa masa baki da baki ba zai ji ba. Shi ma kansa a sunkuye yake."