Haƙoran Kaka a Ƙoƙon Jarrabawa

"...Lafiya lau na kwana, angon ƙarya. Tsaya daga nan, kada ka shafa min laka a shimfiɗa."

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta, wanda ta laƙaba wa Ɗan Laka tun da ya shiga makarantar koyon zane da ginin yumɓu. Yau dai ta toshe baki da gefen mayafi, maganar tana fita a shanye. Shi kuwa ba gaisuwar ce ta kawo shi ba. Ƙananan ƙoƙuna shida ya gina da yatsu zalla: a mulmula yumɓu, a luma babban yatsa a tsakiya, a yi ta matsawa ana juyawa har kaurin ya daidaita. Ranar Alhamis za a gasa su a tanderun makaranta, wanda sau ɗaya ake kunnawa a zango, kuma Malama ta ce duk wanda bai kawo shida ba sai ya maimaita darasin baɗi. Yau Litinin, ya ƙirga su a baranda ya ga biyar. Wanda ya ɓata kuwa shi ne wanda ya yini yana gogewa da bayan cokali har ya ɗau sheƙi.

"Amarya, ɓarawo ya shigo gidan nan."

"Ya yi asarar tafiya. Me zai sata a gidan da mijin ke wasan ƙasa da gemunsa?"

"Ƙoƙona ɗaya ba ya nan. Kuma ɓarawon takawa ɗaya yake ya huta, na ga sawun sanda."

"Kul! Ni kake wa ƙazafi? Ni da na ƙi masu mota na zauna da kai?"

"Masu motar duk sun riga mu gidan gaskiya. To me ya sa kike rufe baki?"

"Kunyar miji."

"Yau aka fara? Buɗe in gani."

Ta ƙi. Ya bi idonta da kallo, ya ga sai satar kallon ƙarƙashin gado take yi. Ya durƙusa ya jawo farantin da ke wurin. Ga taɓo nan jage-jage ya baje, a tsakiyarsa kuwa haƙoran robar Kaka ne zaune, suna masa murmushi.

Ya so ya yi dariya, ya kasa. Kwana tara ya yi a kan ƙoƙon nan, shi kaɗai ne Malama ta ɗaga ta juya ba ta ce komai ba, wanda a wurinta yabo ne babba.

"Kaka, ruwa kika zuba a ciki?"

"A'a, turare na zuba. Ina ake jiƙa haƙora in ba a ruwa ba?"

"Ai ba a gasa shi ba! Ɗanye ne!"

"Ɗanye yana ƙyalli kamar goshin jariri? Kuma ba kai ka ce nawa ne ba? Ranar nan kana zaune nan kana shafa shi, ka ce, 'Wannan na amaryata ne.' Shekara ashirin da biyu ina auren ka, ko tsinke ba ka taɓa ba ni ba. Na ga kyauta, in tsaya jiran takarda?"

"Bayan an gasa nake nufi."

"Ka ce bayan an gasa? Kawo shaida."

"Kofin da kike sa su fa?"

"Na ga ya yi musu kaɗan. Haƙoran manya ne, daga asibiti suka zo, ba irin naka masu kama da tsakuwa ba."

"Ga su nan sun ci min jarrabawa. Abin da ba su iya yi wa nama ba sun yi wa yumɓu."

Kaka ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga ya zauna daɓas a ƙasa yana tattara taɓon da yatsa. Ta fasa. Wannan ya fi ba shi tausayi a kan ƙoƙon, don bai taɓa ganin an bar ta da magana a baki ba.

"Da gaske sai ka maimaita shekara?" Wannan karon a hankali ta yi tambayar.

"Ginawa ba wuya, yau zan iya. Bushewa ce matsalar. Mako guda yake so a inuwa. In na kai shi da danshi, fashewa zai yi a wuta, ya fasa na mutane."

"A shanya a rana mana."

"Ya tsage."

"Kai, wannan abu ya fi ka shagwaɓa. To me yake so?"

"Iska. A hankali, daga nesa, ana juya shi kowace sa'a. Da akwai fanka da sai in ce wataƙila."

Duk gidan an san fankar Kaka. Ko ɗanta, mahaifin Ɗan Laka, bai isa ya juya mata kai ba, ga shi ana tsakiyar zafi. Ta dubi fankar, ta dubi jikan.

"Wato ka ga ba ka gaje ni ba, shi ne za ka gasa ni da raina."

"Ni ban roƙa ba."

"Wa ya ce ka roƙa? Ɗauko yumɓun, malalaci. Ka fara wanke min haƙora, ba na faɗa da baki wayam."

Ya wanke ya miƙa mata, ta mayar, murya ta dawo daram. Ya ɗauko ragowar yumɓu a leda, ya murza, ya mulmula dunƙule kamar lemo. Zai luma yatsa ta fizge.

"Kawo nan. Tunda nawa ne, ni zan buɗe shi."

"Da wannan yatsan mai kama da ƙugiya?"

"Da shi na share maka majina."

Ta danna babban yatsanta a tsakiya, ramin ya ɗan karkace. Ya karɓa ya duba. Da zai gyara, sai ya fasa, ya ci gaba da matsawa yana juyawa a kan karkatar. Kafin azahar ƙoƙo ya tsaya, siriri, da ɗan lotsawa a gindi daidai girman yatsan tsohuwa.

Kaka da kanta ta ja kujera ta ɗora shi, ta juya fankar ta ba gadonta baya, ta zauna tana fifita da murfin kwali, gumi yana bin wuyanta.

"Je ka makaranta, ni zan riƙa juya shi. In ya fito daga wuta, nawa ne. Faɗi da bakinka."

"Bayan an gasa, bayan an ba da maki, bayan na kawo da hannuna."

"Ji mugun miji, kyauta da sharaɗi uku." Ta ƙyalƙyale da dariya har haƙoran suka yi tsalle, ta tare su da tafin hannu. "Na yarda, ka ci. Miƙo min tsohon kofina, haƙora su koma gidansu, kafin in mutu da zafi a kan kwanon da ko ruwa ba ya riƙewa."